Sikirin ɗin Galaxy A12 ya tsage, zan iya canza shi da kaina a gida?

Baban Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin gyaran waya. Samsung Galaxy A12 ce, gilashinta ya tsattsage daga kusurwar ƙasa ta dama har zuwa tsakiya. Hoto yana fitowa tas, babu tawada, babu layi-layi, kuma tana jin taɓi, sai dai wani ɗan wuri can ƙasa da sai na danna sau biyu ko uku. Ina so in gyara da hannuna. Tunda hoton lafiyarsa ƙalau, gilashin sama kaɗai zan saya? Na kuma ji ana cewa akwai sikirin mai firem, wato ƙashin wayar da sikirin ke zama a kai, da marar firem, wanne ya fi dacewa da wanda bai taɓa buɗe waya ba? Sannan wane kayan aiki zan tanada, kuma da wane gam ake mannewa? Allah Ya saka da alheri.

Mai Hantsaki

Wa alaikumus salam Malam. Za ka iya, A12 ba ta cikin wayoyi masu taurin buɗewa. Amma batun gilashi kaɗai, cire shi daga ranka tun yanzu. Gilashin sama da abin da ke jin taɓi da LCD ɗin da ke ba da hoto a manne suke wuri ɗaya da wani gam mai haske da ake kira OCA. Masu raba su suna da injin da ke dumama sikirin yana riƙe da shi, su ratsa tsakani da zaren ƙarfe siriri kamar silin gashi, sannan akwai injin mannewa da wani na fitar da kumfar iska. A gida da reza, LCD ɗin ne zai fashe kafin gilashin ya rabu. Ban da haka, wurin nan da ka ce yana gardama alama ce ta cewa taɓin ma ya samu rauni, sabon gilashi ba zai tashe shi ba. Sikirin cikakke za ka saya.

Kafin kasuwa, shiga Settings, ka gangara About phone, ka rubuta lambar samfurin. Akwai SM-A125F, akwai SM-A127F, duka biyun A12 ake kiransu amma injinsu, wato babban allon da ke cikin wayar, ba ɗaya ba ne. Lambar za ka faɗa wa mai shago, ba sunan ba.

Kayan aiki: ƙaramar sukudireba mai bakin kuros, lamba 00 ko 000, fallayen roba sirara guda uku ko huɗu (tsohon katin ATM da aka yanka ya wadatar), ɗan tsinken roba na ɗaga soket, hantsaki, dirayar gashi, sipirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, gam B-7000 ko T-7000, ƙaramin bututu na 15ml ya ishe ka har ya yi saura, robar ɗaure kuɗi kamar shida, salatif mai faɗi, da farar takarda da za ka zana wayar a kai, kowane noti ka ajiye shi a daidai gurbinsa a zanen.

Ka kwashe hotuna da lambobinka tukuna. Sannan ka bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25, domin batir mai cike da caji in ya huje wuta yake kamawa, wanda ya sauka kuma haɗarinsa ya ragu sosai. Kashe wayar, zare gidan sim. Mutane da yawa a nan suke karya murfin baya, sun manta gidan sim yana riƙe da shi. Lulluɓe fuskar da ta tsage da salatif gaba ɗaya saboda ɓarɓashin gilashi, ga yatsa ga ido.

Murfin bayan A12 roba ne, 'yan haƙora ne ke riƙe da shi. Sa fallen roba tsakanin murfin da bakin sikirin, ka bi gefe-gefe a hankali, za ka ji suna saki ɗaya bayan ɗaya. In ka zo wajen maɓallin kunnawa kada ka zurfafa, kuma kada ka fizge murfin da zarar ya saki. Na'urar karanta yatsa a jikin maɓallin take, tana da siririn fileks, wato igiyar wuta mai faɗi kamar leda, da ke tafiya zuwa inji. Ɗaga kaɗan ka leƙa, ka ga inda ya bi, sannan ka buɗe ta ɓangaren da ba zai ja shi ba.

Kwance notin farantin robar da ke rufe inji. Abu na farko da za ka cire shi ne soket ɗin batir, da tsinken roba ko farce, ba da ƙarfe ba. Shi ne kuma na ƙarshe da za ka mayar. Dalili: ko waya a kashe take, muddin batir yana jone akwai wuta a wasu layukan inji, kuma hasken sikirin yana aiki da wutar da aka ɗaga ta ninka ta batir sau da yawa. In soket ɗin sikirin ya shiga a karkace alhali da wuta, ƙafafunsa za su haɗu, sashen hasken ya ƙone. Daga nan gyara ya tashi daga canjin sikirin ya koma aikin inji.

Yanzu ka duba inda fileks ɗin sikirin ya bi. A wayoyi da yawa na wannan aji ta ƙarƙashin batir yake wucewa, kuma in haka ne dole batir ya tashi. Nan ne wuri mafi haɗari a aikin duka. Ɗiga sipirit 'yan ɗigo kaɗan a gefen batir, karkata wayar ya gangara ƙarƙashi, jira minti ɗaya zuwa biyu gam ɗin ya saki, sannan ka tura fallen roba mai faɗi a kwance. Kada ka sa sukudireba, kada ka lanƙwasa shi. In ya yi gardama ƙara ɗigo ka ƙara jira.

Kafin ka taɓa tsohon sikirin, gwada sabon. Jona shi a inji yana kwance a gefe da ledojinsa duka, mayar da batir, kunna. A Samsung ka danna *#0*# a wajen kira, allon gwaji zai fito. Red, Green da Blue suna nuna maka ɗigon da ya mutu ko tabo. Touch zai ba ka akwatuna a gefuna da tsakiya, ka bi su da yatsa har su cika. Ka ɗaga haske zuwa ƙarshe ka sauke shi zuwa ƙasa. In akwai aibu, yanzu ne za a karɓa a canza maka. Da zarar gam ya taɓa shi ko ka ɓare leda, ya zama naka.

In ya ci gwaji, kashe, cire batir, sannan ka koma kan tsohon. Dumama gefunansa da diraya, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, zafin da yatsa zai iya jurewa na 'yan daƙiƙu. Sa fallen roba tsakanin gilashi da firem, ka bi zagaye, kana barin falle ɗaya a inda ka buɗe don kada ya sake kamawa. A sama ka yi hattara da ramin kyamara da lasifikar kunne. Zare fileks ta raminsa.

Sai gogewa, wadda ita ce rabin aikin kuma ita ake yi wa gaggawa. Tsohon gam duka sai ya fita, ɓarɓashin gilashi ko ƙwaya ɗaya kada ya rage. Bi bakin firem da yatsa ka ji. Ƙwayar gilashi ɗaya a ƙarƙashin sabon LCD ita ce farin tabon da ke bayyana bayan kwana biyu, ko ta fasa shi ranar da wayar ta ɗan matsu a aljihu. Duba tsohon sikirin ko ragar lasifikar kunne ta biyo shi, ka mayar da ita. Ɗora sabon a bushe tukuna, ka ga ya zauna daidai ko'ina ba tare da dannawa ba.

Ɓare ledar bayan sabon sikirin, zura fileks. Zuba gam siriri, kaurin kamar milimita ɗaya, a kan bakin firem, ba a jikin sikirin ba, ka tsallake wajen kyamara da lasifika. Jira minti biyu zuwa uku ya fara danƙo, sannan ka ɗora ka danna gefuna kawai. Ɗaure da roba, ka sa ɗan kwali ko tsumma a ƙarƙashinta kada ta danne maɓallai. Bar shi awa biyu zuwa uku a ɗaure, ƙarfinsa na gaske kuma sai ya kwana ya wuni.

Ɗan Fagge

Bayanin Malam Mai Hantsaki ya yi, amma a kan tambayar firem ni ina ganin wanda bai taɓa yi ba ya sayi mai firem, ko da ya fi tsada. Dubi inda sabon hannu ke ɓata aiki: gogewa, yawan gam, da zaman sikirin. Mai firem ya zo a manne daga masana'anta, duk waɗannan ukun sun fita daga hannunka. Kuma wayar nan a kusurwa ta faɗi. Baban Ilham, kifa ta a kan teburin gilashi ko tayil mai santsi ka danna kusurwoyi huɗun. In tana rawa, ko kusurwar da ta bugu ta lotsa ciki, firem ɗin ya lanƙwashe, kuma sabon sikirin da aka tilasta wa zama a lanƙwasasshen firem ba ya daɗewa. Zai fara ɗagawa ta gefe, ko ya tsage ba tare da ya faɗi ba, ka zargi mai shago alhali ba laifinsa.

Sai dai mai firem ma yana da nasa aikin, domin kaya za ka kwashe daga tsohon gida zuwa sabo: inji, ƙaramin allon caji na ƙasa, batir, lasifikar kunne, ɗan injin girgiza, fileks ɗin maɓallan ƙara, da siririyar igiyar eriya da ke bin gefe. Wasu firem ɗin suna zuwa da wasu daga cikin ƙananan, wasu ba komai, don haka jera tsoho da sabo gefe da gefe ka kwatanta rami da rami. Ka ɗauki hoton cikin wayar da wata waya kafin ka cire komai.

Igiyar eriyar nan a kula da ita. Kanta ɗan ƙaramin maɓalli ne na ƙarfe, sama ake ɗaga shi tsaye, ba a jan igiyar. Wajen mayarwa ka saita shi daidai sannan ka danna ka ji ɗan ƙas. In ka danna a karkace ya murƙushe, sai ka haɗa waya ka ga sabis ya koma sanda ɗaya. Lasifikar kunne da injin girgiza kuma a ɗan dumama su kafin a ɗaga, ta ƙarƙashi, don in ka ja lasifikar ta sama biyu take rabewa.

Wani abu: in ka buɗe ka ga batir ya kumbura ko ya lanƙwashe wajen cirewa, kada ka mayar da shi. In kuwa ya huje, ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi ko ka ga hayaƙi, fitar da shi tsakar gida kan ƙasa ko yashi, nesa da duk abin da zai kama, kada ka shaƙa.

Mai Hantsaki

Gaskiya ne, in firem ya lotsa babu zaɓi. In kuma lafiyarsa ƙalau, marar firem ya fi araha kuma inji na zaune a wurinsa ba ka taɓa shi ba. Ya duba firem ɗin, shi zai yanke hukunci.

Abban Sadik

Bari in ƙara a kan saye, don a nan ake yawan cutuwa. Ko Farm Center ka je a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, sikirin ɗin waya ɗaya za ka same shi hawa-hawa. Akwai na kamfani sabo a kwalinsa, akwai na asali da aka ciro daga wata wayar, akwai na asali da aka sake wa gilashi, sai kuma kwafi, shi ma wani ya fi wani. Kalmar orijinal a bakin mai shago tana iya nufin kowanne daga ukun farko, wani lokacin har da na huɗun. Ka tambaye shi kai tsaye wanne ne.

A wayar LCD irin A12, kwafi mai kyau ba laifi. Inda yake nuna kansa shi ne cikin rana: haskensa bai kai na asali ba, farinsa yana ɗan karkata zuwa shuɗi, gilashin kuma bai kai ƙarfi ba. Ka saka masa sikirin-gad a ranar.

Ka yi magana da mai shago a kan garanti kafin ka biya: kwana nawa, kuma da wane sharaɗi. Yawanci sharaɗin shi ne hatimin shago da ke jikin fileks yana nan, leda ba a ɓare ba, gam bai taɓa ba. Mafi sauƙi ma, ka buɗe wayar a gida ka je da ita a buɗe, a jona a gwada a gabansa. Duba soket ɗin sabon da kyau a haske, ƙafafunsa a jere suke ko akwai wanda ya lanƙwashe, fileks ɗin babu alamar ninki mai kaifi. Kuma kada a naɗe maka shi a leda ka cusa aljihu ka hau babur. LCD marar firem ba ya jure lanƙwasa ko kaɗan, a sa shi tsakanin kwali biyu.

Masu Tecno da Infinix da itel, in wayarku tana cikin garanti ku fara tambayar farashi a Carlcare, cibiyar gyaran kamfanin, domin buɗe ta a gida yana iya zubar da garantin. Lambar gwajin nan, *#0*#, ta Samsung ce. A sauran wayoyin Android, shiga About phone ka danna Build number sau 7, sai ka kunna Pointer location a Developer options, duk inda yatsa ya bi zai bar layi, inda layin ya yanke nan taɓi ya mutu.

Baban Ilham

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na kifa ta a tayil, ba ta rawa, don haka marar firem zan saya. Saura abu uku: ina da sufa gulu a gida, ba zai yi ba? In ban samu isopropyl ba, tina ko fetur fa? Kuma babu diraya, zan iya amfani da dutsen guga?

Ɗan Fagge

Sufa gulu a'a, ko kusa. Yana bushewa da tauri, ba ya ba da kai, alhali firem ɗin roba yana ɗan motsi da zafi da matsi, sai gilashi ya ɗauki nauyin. Tururinsa yana barin farin hazo a gilashin kyamara da cikin sikirin, kuma ranar da za a sake buɗewa sai an karya firem. B-7000 yana bushewa kamar roba, shi ya sa ake amfani da shi: yana riƙewa, zafi kuma yana sake shi. Shi garau yake ba launi, T-7000 baƙi. A firem baƙi, baƙin ya fi ɓoye kansa kuma yana tare hasken da ke tsiyaya ta gefe. Gam ɗin da ya fito waje ka bari ya ɗan bushe ka murje shi da yatsa, kada ka goge shi yana ɗanye.

Tina tana cin roba da fenti, fetur kuma ba abin kawowa kusa da batir ba ne. Masu sayar da kayan gyaran waya suna da isopropyl, ka saya tare da gam. Sipirit ɗin kansa kada ya kusanci gefen sabon LCD. In ya shiga tsakanin ledojin hasken baya, wato fitilar da ke bayan LCD, tabo yake bari wanda ba ya fita.

Dutsen guga zafinsa ya wuce kima kuma wuri ɗaya yake bugawa. Masu gyara wajen digiri 70 zuwa 80 suke sa faranti, guga kuwa ko a ƙaramin lamba yana haura haka. Ka ari diraya, ko ka zuba ruwan zafi a robar da ba ta yoyo, ka naɗe da tsumma ka ɗora a gefen na 'yan mintuna. Kada ka shanya waya a rana da batir a ciki.

In hunturu ne, ka yi aikin a ɗaki a rufe, fanka a kashe, ka goge tebur da ɗanyen tsumma. Ƙura ɗaya a ramin kyamarar gaba za ta fito a kowane hoto. Busasshiyar iska kuma tana tara wutar jiki, wato ɗan lantarkin da ke iya lalata inji, don haka ka taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka taɓa inji, kuma kada ka yi aikin a kan bargo ko kafet.

Maman Hanan

Sallama. Don Allah wannan bayanin ya shafi Galaxy A51 da iPhone 11? Su ne a gidanmu, duka biyun sun tsage.

Abban Sadik

Hajiya, tsarin ɗaya ne amma kowacce da tarkonta. A51 sikirin ɗinta AMOLED ne, wato nau'in OLED mai haska kansa ba tare da hasken baya ba, kuma na'urar karanta yatsa a ƙarƙashinsa take, ta cikin sikirin take ganin yatsa. In aka sa mata kwafin LCD mai araha, wanda ake kira incell, hoto zai fito amma karanta yatsa ya tafi, don hasken baya ya toshe hanyar. Batir ma zai fi saurin sauka. In kina son yatsa ya yi aiki sai OLED, kuma ki goge yatsun da ke ciki ki sake yi musu rajista. Murfin bayanta da gam yake, sai an dumama.

iPhone ta gaba ake buɗe ta. Noti biyun ƙasa masu siffar tauraro mai baki biyar ne, suna son sukudireba P2, a ciki kuma akwai masu baki uku, Y000. Tsawon notin ba ɗaya ba ne, in dogo ya shiga ramin gajere yana iya huda layukan inji, don haka zanen takarda a nan wajibi ne. iPhone 11 kamar littafi take buɗewa, daga hagu zuwa dama, fileks suna gefen dama, kada a wuce da ita tsaye. Babban abin tsoro shi ne fileks ɗin lasifikar kunne da ke manne a bayan tsohon sikirin. Dole a mayar da shi kan sabon, kuma a jikinsa akwai wani sashe na Face ID, tsarin buɗe waya da fuska, da aka ɗaura wa injin wannan wayar kaɗai. In ya yage, sayen wani ba zai dawo da Face ID ba. Bayan canji kuma True Tone, mai daidaita launin sikirin da hasken wuri, yana iya ɓacewa in ba a kwafe bayanan tsohon sikirin da na'ura ba, kuma daga iPhone 11 zuwa sama wayar tana nuna saƙon cewa ba ta tabbatar da sikirin ɗin ba. Saƙon ba ya hana aiki. Ruwa kuma kada a sake yarda da ita kusa da shi, ko an sa sabon gam ɗin zagaye. In hannun farko ne, a fara da A51, iPhone ɗin a kai wa mai gyara.

Mai Hantsaki

Baban Ilham, ga abin dubawa in ka haɗa ka ga matsala. Waya na girgiza ko ƙara amma fuska baƙa: cire batir, cire soket ɗin sikirin, duba ƙura ko ƙafar da ta lanƙwashe, mayar ka danna tsakiya da gefe biyu. In ka haska tocila ka hango hoto dishi-dishi, hasken baya ne ya tafi. Jona tsohon sikirin. In shi ma babu haske, matsalar a inji take, ka tsaya nan ka kai shago.

Taɓi na danna kansa: ko fileks ya matsu a ƙarƙashin batir, ko an manta leda a bayan LCD, ko gam ya malala ciki. In sai an sa caji yake yi, canza caja tukuna kafin ka zargi sikirin. Ba ta caji ko ba a jin muryarka a kira: soket ɗin da ke zuwa allon ƙasa bai zauna ba, kuma a wasu wayoyin ta cikin fileks ɗin sikirin layin caji da makirfo yake bi. Fuska ba ta mutuwa in ka kara a kunne, ko ta mutu ta ƙi dawowa: duba saman sikirin, gam ko ƙura ko sikirin-gad ya rufe wajen. Duk waɗannan ka gwada su, har da kira na gaske da caji da kyamarar gaba da ta baya, kafin ka ɗaure notin ƙarshe ka rufe murfin baya.